Inji ne ya mutu ko mai ne bai iso ba? Abin da ke kayar da ƙananan jiragen sama

Duk lokacin da ƙaramin jirgin sama ya faɗo a gona, ko a kan titin mota, ko cikin ruwa, abin da ake fara ji a labarai ɗaya ne: injin jirgin ya samu matsala. Mai sauraro sai ya ɗauka wani ƙarfe ne ya karye, ko wani abu ya ƙone. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta da zancen, rahoton masu bincike zai fito, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa daban ne. An kwance injin an duba, ba a ga komai ba. Wani lokacin ma ɗora shi ake yi a kan teburin gwaji, a ba shi mai, ya tashi garau.

Jiragen da ake magana a kansu su ne masu kujera biyu zuwa shida, masu injin fistan da farfela, irin su Cessna 172 da Piper Cherokee, waɗanda mutane ke saya don amfanin kansu, makarantu kuma suke koyar da tuƙi da su. Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawansu, shi ya sa alƙaluman da aka fi dogaro da su daga can suke fitowa. A 2017 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta fitar da gargaɗi na musamman kan wannan batu. Ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun haɗari sama da 50 da ke da nasaba da yadda aka tafiyar da mai, kuma wannan ne na shida a jerin abubuwan da suka fi jawo haɗari a wannan rukuni na jirage. A kashi 95 cikin ɗari na haɗurran akwai kuskuren matuƙi a ciki.

Wani adadin a cikin gargaɗin ya fi wannan ɗaure kai. Ɗalibai masu koyo kashi 2 ne kacal na matuƙan da abin ya rutsa da su. Kashi 48 masu lasisin tuƙin haya ne ko na manyan jirage, wato mutanen da ke da izinin yin tuƙi a matsayin sana'a. Ke nan ba rashin sanin cewa jirgi na buƙatar mai ba ne ke kawo matsalar.

## Hanyoyi uku da inji ke rasa mai

Masu bincike sun raba abin gida uku, kuma raba su na da amfani domin kowanne maganinsa daban.

Na farko shi ne ƙarewar mai: babu sauran man da inji zai iya zuƙa a ko'ina cikin jirgin. A lissafin NTSB wannan ne ya ɗauki kashi 56 na haɗurran.

Na biyu shi ne yankewar mai: akwai mai a jirgin, wani lokacin ma da yawa, amma bai isa wurin inji ba. Wannan ya ɗauki kashi 35. Mai babur ya san irinsa: mashin ya fara shaƙewa a hanya, ya miƙa hannu ya murɗa makunnin mai zuwa rizab, ya ci gaba da tafiya. Ƙananan jirage galibi tanki biyu gare su, ɗaya a cikin kowane fiffike, da mariƙin da matuƙi ke juyawa ya zaɓi wanda inji zai sha. A Cessna 172 fukafukan suna sama da gangar jirgin, mai yana gangarowa da kansa, kuma mariƙin yana da wurin da za a ajiye shi ya riƙa ja daga tankunan biyu a tare. A Piper Cherokee fukafukan suna ƙasa, famfo ne ke jawo man, kuma babu zaɓin duka biyun: ko hagu, ko dama, ko a rufe. Dole matuƙi ya riƙa sauyawa, yawanci duk rabin awa ko awa ɗaya. In ya shagala, tanki ɗaya zai bushe inji ya ɗauke alhali ɗayan na cike.

Idan tankuna suka yi yawa, abin sai ya ƙara sarƙewa. A Cessna 310 mai inji biyu, tankunan da ke can ƙarshen fukafukai su ne manya, na cikin fiffike kuwa na taimako ne, saɓanin abin da ido zai ɗauka. Injin kuma yana mayar da rarar man da bai ƙona ba zuwa babban tanki, ko daga ina ya jawo shi. Wanda ya fara shan na taimako tun babban tanki na cike, rarar da ke komowa ba ta da wurin zama, sai ta riƙa tsiyaya waje bai sani ba.

Na uku shi ne gurɓacewar mai: ruwa, ko datti, ko zuba wa jirgi man da ba nasa ba. Ya fi sauran ƙaranci, amma yakan bayyana a mafi munin lokaci, jim kaɗan bayan tashi.

## Abin da ya faru a gaɓar Monterey

Haɗarin da aka fi kafa misali da shi a wannan fanni shi ne wanda ya kashe mawaƙin Amurka John Denver ranar 12 ga Oktoba, 1997, a tekun da ke gaɓar Monterey a jihar Kalifoniya. Yana da shekara 53, kuma ba sabon shiga ba ne: ya yi sama da awa 2,700 yana tuƙa jirage iri-iri. Jirgin da ya mutu a cikinsa, Long-EZ, irin wanda mutum ke haɗawa da hannunsa ne bisa zanen injiniya Burt Rutan. Wani ne ya haɗa shi shekaru kafin nan, Denver ya saye shi kimanin mako biyu kafin haɗarin. Kwana ɗaya kafin ranar aka zaga da shi na kusan rabin awa don ya saba da jirgin.

A zanen asali, mariƙin zaɓen tanki yana gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa. Wanda ya haɗa wannan jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, domin ba ya son tiyon mai ya ratsa ta inda mutum ke zaune. Dalili ne mai ma'ana in an duba haɗarin gobara. Sai dai mariƙin ba shi da rubutu, kuma juyawarsa ba ta bi hankali ba: in aka karkatar da shi dama, tankin hagu yake buɗewa, in aka yi ƙasa da shi, na dama, sama kuwa rufewa ne. Abin duba yawan mai, wasu 'yan bututu ne masu nuna tsayin man, suna can baya inda fasinja ne kawai zai gan su da kyau, su ma ba a yi musu alamar lita ko galan ba.

Da yammacin ranar, Denver da wani bakanike a filin jirgin sun tsaya a kan wannan matsala. Sun gwada maƙala filaya a jikin mariƙin don ya ƙara tsawo, abin bai yi ba. Bakaniken ya ara masa ɗan madubi don ya riƙa hango bututun ta bayansa, ya kuma gaya masa abin da ya gani: tankin dama bai kai rabi ba, na hagu bai kai kwata ba. An yi masa tayin ƙara mai, ya ce a bari, ai tafiyar kusan awa ɗaya ce zai yi.

Ya tashi, ya yi 'yan zagaye na gwajin sauka da tashi, sannan ya nufi bakin teku. Shaidu sun ce jirgin na tafiya ƙasa-ƙasa, kimanin mita 100 zuwa 150 daga saman ruwa, sai suka ji ƙarar inji ta canza, jirgin ya karkata dama ya yi ƙasa da kai ya faɗa ruwa.

Masu bincike sun zauna a cikin jirgi irinsa suka gwada kai hannu ga mariƙi a wancan wurin. Sai mutum ya saki abin tuƙi, ya sassauta bel, ya murɗa jikinsa gaba ɗaya zuwa hagu. A wannan murɗawar, ƙafar dama kan miƙe da kanta don ta tokare jiki, abin da take tokara kuwa shi ne fedar da ke karkatar da jirgi dama. Rahoton da NTSB ta kammala a farkon 1999 ya ce hankalin matuƙin ya bar tuƙi ya koma kan mariƙin, ya taka fedar ba da niyya ba, jirgin ya ƙwace. Ya kuma ce ƙin ƙara mai na cikin musabbabin haɗarin, sannan ya lissafa wurin da aka sa mariƙin, da rashin alamomi, da ƙarancin horo a kan wannan samfurin a matsayin abubuwan da suka taimaka. Ba a samu giya ko ƙwaya a jikinsa ba, duk da raɗe-raɗin da aka yi ta yi a lokacin.

Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan, shi kaɗai, ba lallai ya kashe kowa ba. Da tankunan a cike suke, ba zai buƙaci taɓa mariƙin a wannan 'yar tafiya ba. Da mariƙin na gabansa, daƙiƙa biyu sun isa. Da yana can sama sosai, da ya samu sararin gyara karkatar da jirgin ya yi.

## Da agogo ake auna mai

Matuƙin jirgi ba ya lissafin mai da nisan tafiya, da lokaci yake yi, domin inji na shan adadi kusan ɗaya a kowace awa ko jirgin na cin ƙasa ko ba ya ci. Sabon samfurin Cessna 172 na ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne inji ke iya zuƙa, kimanin lita 200. Sauran yana kwance a gindin tanki inda bututu ba ya kaiwa. Yana shan wajen lita 30 zuwa 38 a awa, gwargwadon tsayin da ake tafiya da yadda aka matsa wa injin.

A ɗauki misali. Jirgi na gudun kilomita 200 a awa, tafiyar kilomita 800 ce, ke nan awa huɗu. Matuƙi ya zuba man awa huɗu da rabi. A dokar Amurka bai yi laifi ba, domin abin da ta ce shi ne wanda zai yi tafiyar gani-da-ido, wato yana bin hanya da abin da yake gani a waje, da rana ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da rarar minti 30. Da dare kuma minti 45. To a can sama sai ya tarar da iska mai gudun kilomita 40 a awa tana tunkaro shi. Yanzu kilomita 160 yake ci a awa, tafiyar ta koma awa biyar. Mai zai ƙare saura kilomita 80 ya isa. Kuma iskar ba ta biyan bashin da ta ci: in zai dawo tana tura shi ta baya, minti 40 kawai zai rage, alhali awa guda ta ƙara masa a zuwa.

Ban da iska, akwai wasu ƙananan ɓarayin mai. Adadin da ke cikin littafin jirgi an lissafa shi ne a kan cewa matuƙi zai rage yawan man da ke cakuɗuwa da iska idan ya yi sama, saboda iskar can ba ta da kauri. Wanda bai rage ba, jirginsa zai sha fiye da abin da littafi ya faɗa. Kauce wa hadari na cin lokaci. Jira a layi kafin a ba da izinin tashi na cin mai. Murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba kuwa ya fi duka sharri, don iskar da ke bi ta saman fiffike tana zuƙe mai ta bakin tankin, kuma a jirgin da fiffikensa ke sama matuƙi ba zai gani ba.

Mai karatu zai ce, to ina gejin mai? A nan akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin matuƙa, cewa doka ba ta buƙaci geji ya faɗi gaskiya ba sai lokacin da tanki ya ƙare. Fahimta ce ta kuskure. Abin da tsohuwar ƙa'idar ƙera jirage ta ce shi ne a saita geji ya nuna sifili a daidai lokacin da man da za a iya zuƙa ya ƙare. Wata ƙa'idar kuma ta wajabta gejin da ke nuna yawan man kowane tanki. Amma a aikace gejin tsofaffin jirage ba abin dogaro ba ne. Tankin fiffike dogo ne marar zurfi, ɗan bambancin tsayin mai lita ce masu yawa, man kuma na kaiwa da komowa, sannan yawancin jiragen nan an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya hau ya buɗe murfi ya leƙa da idonsa, ya tsoma sandar awo da aka yi wa alama don wannan samfurin, ya rubuta lokacin da ya tayar da inji. Sababbin na'urori na ƙirga duk ɗigon da ya wuce zuwa inji, suna da kyau ƙwarai, sai dai daga adadin da matuƙi ya shigar da hannunsa suke fara ragewa. In ya ce musu tanki a cike yake alhali ba haka ba, za su bi shi a kan ƙaryar har ƙarshe, kuma ba su san da man da ke yoyo ba.

Kuskuren ma'auni ma na nan. Ana sayar da mai da lita a wata ƙasa, littafin jirgi na magana da galan, lissafin nauyi kuma da fam ko kilo. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5. Manyan jirage ma ba su tsira ba: a Yulin 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya rasa mai a sama saboda an rikita fam da kilo, matuƙansa suka lallaɓa suka sauke shi ba inji a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli na ƙasar Kanada.

## Ruwa a tanki, kananzir a gurbin fetur

Fetur ɗin jiragen fistan, wanda ake kira 100LL, ana rina shi shuɗi. Kafin kowace tafiya matuƙi kan zaga da ɗan kofin roba mai haske, mai tsinke a tsakiya. Ya tura tsinken cikin wani ɗan bawul a ƙarƙashin fiffike, mai ya tsiyayo, ya ɗaga kofin wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindi kamar ƙwallo mai sheƙi. A zubar, a sake ɗiba, har sai shuɗi zalla ya fito. Tarkon da ke ciki shi ne kofin da ruwa ne gaba ɗayansa: babu layin da ya raba biyu, mai gaggawa sai ya ga abu garau ya ɗauka lafiya lau. Shi ya sa ake duba launi, a kuma sansana.

Ruwan yana shiga ta robar murfi da ta tsufa idan jirgi ya kwana a ruwan sama, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cike ba, ko daga wurin mai sayarwa, musamman inda ake ajiye mai a duro. Yana iya laɓewa a wani lungu na tanki yayin da jirgi ke tsaye, sai an ɗaga hanci za a tashi ya gangaro bakin bututu.

Zuba kananzir ɗin jirgi, wato Jet A, a jirgin fistan ya fi haka muni. Injin zai tashi lafiya, gwajin ƙasa zai yi kyau, domin yana shan ragowar fetur ɗin da ke cikin tiyo. Sai an buɗe masa wuta ana hawa gaurayen zai iso. Kananzir ba ya jure matsi irin na injin fistan, yakan fashe tun lokacinsa bai yi ba, zafi ya haura, fistan ya lalace cikin 'yan mintoci. A Agustan 2014 wani Cessna 421 mai ɗaukar marar lafiya ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Las Cruces a jihar New Mexico, mutum huɗun da ke ciki suka mutu. An zuba masa kananzir ne a maimakon fetur. Don hana irin wannan aka faɗaɗa bakin tiyon kananzir aka tsuke bakin tankin jiragen fetur, yadda ɗaya ba zai shiga ɗaya ba.

## Inda mai ba shi da laifi, da abin da ke biyo bayan shirun inji

Ba kowace mutuwar inji ce ke komawa kan mai ba. Ƙanƙara kan taru a maƙogwaron kafireto ta toshe iska, saboda man da ke tururi a wurin na sanyaya shi sosai; hakan na iya faruwa ko a rana mai zafin da ya haura digiri 30 in akwai laima a iska, kuma kafin masu bincike su iso ta narke. Ƙarfe ma na gajiya. A Maris 2015 ɗan wasan fim Harrison Ford ya yi saukar gaggawa a filin wasan golf kusa da Santa Monica a jihar Kalifoniya da wani tsohon jirgin horo na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bincike ya nuna wani ɗan ƙarfe ne ya kwance a cikin kafireto.

Ko mene ne dalilin, jirgin da injinsa ya mutu ba ya rikitowa. Cessna 172 na iya tafiyar kusan mita tara gaba a duk mita ɗaya da ya sauko. Daga tsayin mita 1,000 yana da wajen kilomita tara da minti huɗu zuwa biyar. Daga mita 150, bai kai minti ɗaya ba. Littafin Piper Cherokee ya yi gargaɗin cewa in tanki ya bushe aka sauya, inji na iya ɗaukar har daƙiƙa goma kafin tiyo ya sake cika. A can sama daƙiƙa goma ba komai ba ne, a kusa da ƙasa kuwa su ne duka abin da ya rage. Abin da ya fi kashe mutane shi ne ƙoƙarin jan jirgin ya kai inda ba zai kai ba, ko juyowa zuwa titin da aka taso daga gare shi alhali babu isasshen tsayi. Gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya kife. Wanda ya haƙura ya ajiye shi a fili mafi kusa, a gudun da bai fi kilomita 90 zuwa 100 a awa ba, galibi yakan fita da ransa ko da jirgin ya tashi daga aiki.

## Laifin wa?

Ra'ayi na farko, wanda hukumomi da yawancin malaman tuƙi suka fi karkata gare shi, shi ne alhakin na wuyan matuƙi. Doka ta ce shi ne mai magana ta ƙarshe a kan jirginsa, alƙaluma kuma na goyon bayansu. A wurinsu maganin horo ne da ɗa'a. Ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, AOPA, ta daɗe tana ba da shawarar mutum ya sauka da rarar awa guda, ya ɗauki minti 30 na doka a matsayin iyakar ƙarshe da ba a kusanta.

Masu ra'ayi na biyu, waɗanda suka haɗa da masana yadda mutum ke mu'amala da na'ura, sun ce an shafe shekaru ana wannan wa'azi, haɗarin bai gushe ba. A ganinsu, kiran abu kuskuren matuƙi bayyana wanda ya yi motsin ƙarshe ne kawai, bai bayyana abin da ya sa kuskuren ya zo da sauƙi ba. Mantuwa halin ɗan Adam ce. Jirgin da ke buƙatar a tuna sauya tanki duk rabin awa, wata rana zai gamu da wanda ya manta. Suna son geji mai faɗin gaskiya, fitilar gargaɗi in mai ya yi ƙasa, da mariƙi mai sauƙin kaiwa da fahimta. Sababbin jirage sun zo da yawancin waɗannan, matsalar ita ce tsofaffin sun fi yawa, kuma sa musu sabon kaya na da tsada.

Rahoton haɗarin Denver bai zaɓi ɓangare ɗaya ba, ya ɗora wa matuƙi nasa, ya ɗora wa ƙirar nata, kuma wannan ya fi kusa da abin da shaidu ke nunawa a yawancin haɗurran yankewar mai. A ƙarewar mai kuwa hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi, don yawanci akwai filin da aka wuce ba a sauka ba.

Me ke sa ƙwararre ya wuce filin? Akwai nauyi: lita 200 na fetur kilo 144 ne, nauyin manya biyu, kuma jirgi mai kujera huɗu ba kasafai yake iya ɗaukar manya huɗu da kaya da cikakken tanki ba, dole a rage wani abu, mai ne kuma ya fi sauƙin ragewa. Akwai farashi, mutum ya ƙi saya a nan don ya fi araha a gida. Akwai ɗokin isowa, ga dare na yi, ga fasinja na duba agogo. Sai kuma kunya: matuƙi ya ga alamar mai na ƙasa amma ya ƙi faɗa wa masu kula da zirga-zirga a fili. A Janairun 1990 wani babban jirgin fasinja na kamfanin Avianca ya faɗi kusa da New York bayan dogon jira a sama, mutum 73 suka mutu. Matuƙan sun yi ta cewa mansu na ƙarewa amma ba su furta kalmar ayyana gaggawa ba. Yanzu ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanadi lafazi biyu tsayayyu, ɗaya na sanar da cewa mai ba zai jure ƙarin jinkiri ba, ɗaya na ayyana gaggawa kai tsaye.

Wasu na ganin a ƙara yawan rarar da doka ta wajabta. Masu adawa da hakan na cewa wanda ya ƙarar da tanki ƙaf ai ya riga ya ci rarar da ake da ita, ƙara lamba a takarda ba zai canza shi ba, zai dai takura wa masu bin doka.

## Yadda abin ya shafi sauran jama'a

Fasinjan ƙaramin jirgi mai zaman kansa ba shi da kariyar da fasinjan jirgin haya ke da ita. A kamfanin jirage akwai matuƙa biyu, da ma'aikacin da ke tsara tafiya a ƙasa, da takardar mai da ake sa wa hannu. A ƙaramin jirgi mutum ɗaya ne ke yin duka, ba mai duba lissafinsa. Fasinja na da damar tambayar man awa nawa aka zuba da awa nawa tafiyar za ta ci, kuma matsa wa matuƙi lamba a kan lokaci ko yawan kaya, daga tanki ake cire kuɗinsa.

Na ƙasa ma abin na iya rutsawa da su. Ranar 28 ga Agusta, 2020, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗo a tsakanin gidaje a unguwar Opebi da ke Ikeja, dab da filin jirgin Legas, mutum ukun da ke ciki suka mutu. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya ya ce ba a samu mai a tankinsa ba bayan faɗuwar. A Yulin 2023 kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air na ɗan lokaci bayan wasu matsaloli, ciki har da ruwa mai yawa da aka samu a man wani jirginsu a Yola. Waɗannan ba ƙananan jiragen fistan ba ne, amma lissafin lokaci da tsabtar mai iri ɗaya ne.

Sauyin da ke tafe ya shafi man kansa. Fetur ɗin 100LL na ɗauke da dalma, wadda aka daɗe da cirewa daga fetur ɗin mota saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara. A 2022 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, da masana'antar suka ƙaddamar da shirin kawar da ita zuwa ƙarshen 2030, a 2023 kuma hukumar kare muhallin ƙasar ta ayyana hayaƙin a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Mazauna kusa da ƙananan filaye za su amfana. Masu jirage kuwa na fargabar lokacin riƙon ƙwarya, inda fili ɗaya zai riƙa sayar da fetur iri biyu ko uku, ba kuma kowane inji ne zai iya shan kowanne ba.

A Najeriya da maƙwabtanta matsalar ta wata fuskar take zuwa: fetur ɗin jirgi shigo da shi ake yi, yana da tsada, kuma ba kowane fili ake samunsa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma ga jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin da ke shan kananzir. An huta da neman shuɗin mai, amma tsohuwar alamar da ma'aikacin zuba mai ke bi, cewa ƙaramin jirgi mai farfela fetur yake sha, ta daina aiki. Jirage biyu masu kama da juna na iya tsayawa gefe da gefe kowanne da man da zai lalata ɗan'uwansa. Faffaɗan bakin tiyo ma ba ya rufe ƙofar gaba ɗaya, domin wasu motocin mai na ajiye siririn baki na kananzir saboda jirage masu saukar ungulu, inda kuma ake zuba mai daga duro da famfon hannu babu wannan kariya sam. A irin waɗannan filaye, abin da littattafan horo ke buƙata daga matuƙi shi ne ya tsaya a gefen jirgin har a gama zubawa, ya karanta rubutun jikin motar ko duron, sannan ya duba sunan man da adadin litar a kan rasit kafin ya sa hannu.